Gayya da kokowa: ina samari suke koyon shugabanci?

Kowane gari yana bukatar masu ja masa gora. Mai gari zai tsufa. Shugaban ƙungiyar manoma zai gaji. Mai riƙe da makullin bankin cimaka zai ajiye shi wata rana. Waɗanda za su gaje su suna nan cikin gari, su ne samari da ƴan matan yau. To, ta wace hanya za a shirya su?

Wasu dattawa suna cewa a bar yara su yi gasa, gwani zai fito da kansa, sai a ba shi ragama. Wasu kuma suna cewa a haɗa su aiki ɗaya, a nan ne za a ga mai iya riƙon jama'a. Ba a bukatar zuwa nesa don a auna maganganun nan biyu. Ƙasar Nijar ta gwada kowace.

A fara da gayya, tunda babu manomin da bai san ta ba. Damina ta sauka, hatsi ya tsiro, haki ma ya tsiro tare da shi. Gonar da mutum ɗaya zai nome cikin kwana 20, samari 20 suna gama ta rana ɗaya. Ƙarfin da aka kashe ɗaya ne, amma amfanin ba ɗaya ba ne, domin haki ba ya jiran mai gona. In noman fari ya makara, hatsi ya sha wuya ke nan har girbi.

Ranar gayya akwai gasa, kuma mai zafi. Samari suna jeruwa da hauya, makaɗa suna bin su da ganga da kirari, ƴan mata suna guɗa. Kowa yana so a ce shi ne ya fara kai ƙarshen gona. Wannan zafin zuciya shi ke sa aiki ya yi sauri. Amma ribar gasar tana shiga rumbun mai gona, wanda sau da yawa tsoho ne, ko marar lafiya, ko surukin ɗaya daga cikin samarin.

Sai a dubi aikin sarkin samari. Tun kafin ranar, shi ne zai tsai da lokacin da bai ci karo da ranar kasuwa ba. Shi zai aika a gaya wa kowa. Shi zai yi magana da mai gona kan fura da tuwo da goro. In mutum biyu sun roƙi gayya mako ɗaya, shi zai ce gonar wane za a fara, kuma ya faɗi dalili ta yadda wanda aka bari baya ba zai yi fushi ba. A cikin gona yana raba wuri, yana sa mai ƙarfi kusa da mai rauni. In faɗa ya tashi ya kashe shi kafin ya girma. In wani ya ƙi zuwa ba dalili, ya san tarar da za a ɗora masa. Ba lalle ba ne ya zama shi ya fi kowa noma. Gwanin hauya daban, mai iya tara mutum 20 su fito da asuba su koma gida ba gaba daban. Kuma sarkin samari ba shi kaɗai yake ba, yana da mataimaka masu sarauta, ga magajiya a wajen mata. Kowanensu yana koyon wani yanki na mulki tun yana yaro.

Mutanen da sun san haɗarin gasa, shi ya sa suka ɗaure ta da igiya. A ƙasar Maraɗi manomin da ke neman sarautar sarkin noma sai ya yi dubu, wato ya tara dami 1000. Amma tarawa kaɗai ba ta ba shi sarauta. Sai ya kira jama'a ya yi biki, ya ciyar da su, ya raba dukiyar da ya tara. Wanda ya tsere wa kowa a gona, da kyauta yake karɓar sunansa.

Kokowa kuma tana nuna abin da gasa take iya yi da inda ta tsaya. An fara kokowar ƙasa a Tawa a 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ya kā da kowa. Daga nan ta riƙa zagaya manyan biranen jihohi. Kokowa tana koya wa saurayi horon jiki, da bin doka, da karɓar kaye gaban dubban mutane ba tare da ya ɗauki sanda ba. Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne ga mai son shugabanci, domin wanda bai iya faɗuwa ba ranar zaɓe zai ta da gari. Sai dai a fili mutum ɗaya ke ɗaukar takobi, saura su koma gida. Rijiya kuwa ba a haƙa ta haka. Ba wanda zai ce mutum ɗaya ya ci, saura su zauna da ƙishirwa.

Bayan Seyni Kunce ya hau mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, gwamnati ta farfaɗo da samariya, ta kai ta kowane gari da kowace unguwa. Samari sun buga tubali sun gina ɗakunan lakwal. Sun share gari, sun dasa itatuwa, sun gyara hanyoyi, sun nome gonakin jama'a. A 1976 aka yi wasan matasa na ƙasa na farko a Damagaram. Ana fara gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo tun daga ƙauye, har a kai ga gwanayen jiha su kara da na sauran jihohi. A nan ma dabarar gayya ce: ƙungiya ke karawa da ƙungiya, don haka kafin a ci wani gari sai ƴan gari ɗaya sun haɗa kai makonni suna koyo. Daga baya aka mai da samariya da ƙungiyoyin haɗin gwiwa na manoma su zama ginshiƙai biyu na tsarin raya ƙasa.

Amma samariyar gwamnati tana da aibi, kuma ya kamata a faɗe shi. Umurni daga sama yake zuwa. A garuruwa da yawa sarkin samari dattijo ne mai furfura ko attajiri, ba saurayi ba. Ana kiran yara ɗaukar tubali da tarbar baƙi, ba a kiran su wurin yanke shawara. Saurayin da aka ce masa ɗauki nan ajiye can shekara 10, ya koyi biyayya, bai koyi riƙon jama'a ba. Da aka yi babban taron ƙasa a 1991 aka shiga siyasar jam'iyyu da yawa, samariya ta yi sanyi, domin gwamnatin da ke riƙe da ita ta sake ta. Samari suka rarrabu bayan ƴan takara. A birane suka koma fada, wurin shan shayi da hira. Wasu fadodin suna da asusu, suna share unguwa, suna taimakon ɗan'uwa ranar aure ko rashin lafiya. Wasu kuma, musamman a Damagaram, sun zama gungun masu faɗa da juna a kan iyakar unguwa. Samarin iri ɗaya ne, abin da aka sa su yi takara a kansa ne ya bambanta.

A shekarar nan ta 1991 wani abu ya tsiro a ƙauyukan Maraɗi ba da ganga ba. Ƙungiyar CARE ta taimaki mata suka kafa asusun Mata Masu Dubara. Mata kamar 25 ko 30 suna taruwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda a kai. Su ke zaɓen shugabarsu da ma'ajiyarsu. Su ke tsai da doka. Ana ƙirga kuɗi a bainar jama'a, ana ba da rance, ana bin bashi. Da yawansu ba su iya karatu ba a lokacin, da ka suke riƙe lissafi. Ba a ba kowa kyautar ta ɗaya. Duk da haka a nan mata suka koyi tsayawa su yi magana gaban taro, da gaya wa maƙwabciya ta biya bashi ba tare da zumunci ya ɓaci ba. A 2000 aka yi dokar da ta ware wa mata kaso cikin kujerun zaɓe. Da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, mata da dama daga cikin ƙungiyoyin nan suka tsaya, suka ci kujerar kansila. Doka ta buɗe ƙofa, amma asusu ne ya shirya masu shiga. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da yawa na Afirka.

Garin da ke son shirya yaransa ba sai ya jira kuɗi daga Yamai ba. In za a kafa kwamitin rijiya ko na bankin cimaka, a sa saurayi da budurwa a ciki, a ba su aiki na gaske, kamar riƙon littafin lissafi, tunda sun iya rubutu. A bar samari su zaɓi shugabansu da kansu, a sa masa wa'adi, shekara 2 ko 3, don wani ma ya ɗana. In za a yi gasa, a yi ta tsakanin unguwa da unguwa: wace ta fi raya sahabai a gona, wace ta fi tura yara lakwal. Kyautar kuma ta zama abin da unguwa duka za ta mora, kamar amalanke ko kayan aiki. Dattawa su zauna kusa, su bar yaro ya yi ƙaramin kuskure a kan jika 5 yau, kafin ranar da za a damƙa masa kuɗin gari duka.

Tambayoyi don tattaunawa a wurin karatu:

1. A garinku, wa ke tsai da ranar gayya, kuma shekarunsa nawa?
2. Samari 15 sun nome gona cikin kwana 2. Kwana nawa mutum 3 za su yi a kanta?
3. Cikin kwamitocin garinku, nawa ne suke da saurayi ko budurwa a ciki, kuma wane aiki aka ba su?