Garin citta yana kama gindin tukunya

Tambaya: Ina tatsar man citta a Kachia. Idan na dafa garin cikin ruwa a tukunyar tatsa, sai ya kwanta a gindi ya ƙone, man ya fito da ƙauri. Zan iya haɗa abin motsawa da kaina?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa. Nemi injin share gilashin mota, mai aiki da batirin bolt 12. Yana da ƙarfi, kuma a hankali yake juyawa, abin da ake so ke nan, domin gaggawa kumfa take tayarwa, kumfar ta bi bututu ta gurɓata man.

Sandar da injin zai juya da fukafukanta su kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa. Mai walda ya karkata fukafukan domin su riƙa ɗago garin sama, ya bar kamar santimita 2 tsakaninsu da gindin tukunya.

Inda na fi so ka natsu shi ne ramin da sandar ta ratsa murfi. Nan tururi yake sulalewa, kuma da manka yake tafiya. Kada ka liƙe ramin da robar tayar mota, ba ta jure zafi da mai, kumbura take yi ta saki wari. Naɗa zaren Teflon, ka matse shi daidai yadda sandar za ta iya juyawa. Injin kuwa ɗora shi a kan ƙafafu sama da murfi, nesa da zafi.

Don Allah kada ka taɓa toshe bututun fitar tururi, tukunyar tana iya fashewa.