Darasin Kiwon Lafiya: Kumburin Ƙafa Ɗaya ga Mai Ciwon Daji

Darasinmu na wannan wata ya shafi mai ciwon daji, wato kansa, da kuma masu jinyarsa.

Jini yana gudana a cikin jijiyoyi kamar ruwa a cikin kwari. Wani lokaci yakan daskare ya zama guda a jijiyar da ke can cikin naman ƙafa, ya toshe hanya. Ciwon daji yana sa jini saurin daskarewa. Tun a 1865 wani likita ɗan Faransa ya lura da haka. Aikin tiyata, da wasu magungunan ciwon, da doguwar kwanciya duk suna ƙara haɗarin.

Alamomi

1. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ɗayar kuwa lafiya lau.
2. Ciwo a sharaɓa ko a cinya.
3. Wurin ya yi ɗumi in an taɓa.

Da zarar kun ga haka, a kai shi asibiti a ranar. Gudan jinin nan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. In numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya yi ciwo, ko an yi tari da jini, to kada a jira gari ya waye. Rai na iya salwanta.

Abin da ba a yi

Kada a yi tausa. Kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Gudan yana can ciki, ƙaho ba ya kai wa gare shi.

Magani

Likita zai duba ƙafar da na'urar hoto, irin wadda ake duba mai juna biyu da ita. Zai ba da maganin hana jini daskarewa, ko allura a fatar ciki ko ƙwaya. Akan yi wata 3 zuwa 6 ana amfani da shi, wani lokaci fiye. Kada a daina don kumburi ya saɓe.

Wannan magani yana sa jini wuyar tsayawa. Saboda haka kada a haɗa shi da asfirin, ko maganin ciwon jiki na kemis, ko jiƙo, sai da sanin likita. In an ga haɓo mai yawa, ko jini a fitsari, ko baƙin bayan gida, a koma asibiti nan da nan.

Riga-kafi

A taimaki majinyaci ya riƙa ɗan tattaki kullum. In ba ya iya tashi, ya riƙa motsa ƙafafunsa a kwance. Ya sha ruwa isasshe. A doguwar tafiya, ya sauka ya miƙe ƙafa in mota ta tsaya.

Tambayoyi

1. Faɗi alamomi uku na wannan cuta.
2. Me ya sa ba a yin ƙaho?
3. Yaushe za a koma asibiti da gaggawa?