Aminiyata Ta Kai Ƙarata Gida Saboda Wani Da Na Haɗu Da Shi a Istanbul

Assalamu alaikum Gwaggo,

Na daɗe ina karanta wannan fili naki, ban taɓa zaton ni ma zan kawo kukana ba. Ni bazawara ce, shekaruna 32, ina da 'ya ɗaya. Tun da aurena ya mutu nake juya ɗan jarina, har Allah ya sa na fara fita sari Istanbul, ina kawo dogayen riguna da jakunkuna ina raba wa masu shaguna a Kantin Kwari. Ni kaɗai nake tafiya, ni kaɗai nake dawowa, ba wanda ya taɓa jin abin kunya a kaina.

A Laleli na haɗu da wani bawan Allah mai yi wa 'yan kasuwa tafinta. Musulmi ne, a gabana yake barin ciniki ya tafi masallaci, kuma ya ce aure yake so. A tafiyar nan ta ƙarshe ya gayyace ni cin abincin dare a gidan yayarsa, can wata unguwa mai nisa. Kafin in shiga motarsa na tura wa aminiyata inda nake ta WhatsApp, don ita ce ta dame ni in riƙa yin haka. Gwaggo, aminiyar da muka taso tare fa, wadda na rufa wa asiri lokacin da nata auren yake tangal-tangal! Cajin wayata ya ƙare, ta kira ba ta same ni ba, shi ne ta kira Yayana ta kwashe komai ta faɗa masa. Alhali ba abin da ya same ni. Mun tarar yayar ta fita, mun ci abinci, ya mayar da ni otal. Har fasfona da yake ajiye mini don kada ya faɗi a kasuwa, ranar da zan taso ya ba ni abina.

Na sauka na tarar an yi taro a kaina. Yaya ya ce na gama tafiya. Hajiyarmu da ƙyar take amsa gaisuwata. Shi kuma mutumin ya yi fushi, wai na ɗauke shi ɓarawo tunda har nake tura wa mutane inda nake. Ɗan saƙon da ya so in kai wa abokinsa a Abuja ma ya fasa ba ni. A da ya ce in na koma liman zai ɗaura mana aure a can kafin a sanar da gida, yanzu sai ya ga dama yake amsa waya.

Duk ita ta jawo mini. Ko haƙuri ba ta ba ni ba, cewa take ma in an kuma za ta kuma. Gwaggo, in rabu da ita? Kuma ta yaya zan shawo kansa?

'Yarki, daga Kano.

*

Wa alaikumus salam 'yata,

Kin cika takarda da laifin aminiyarki, ni kuma idona ya maƙale a kan fasfon nan da kika ambata kamar ba komai ba. Wa ya gaya miki ana ba mutum ajiyar fasfo a ƙasar da ba taki ba? Ko miji ne sai da dalili, balle wanda ko cikakken sunansa ba ki rubuto mini ba. Ba ki ce ɗan Turkiyya ne ko baƙo ne kamar ki ba. Ba ki ce yana da mata ko babu ba, ba ki ce yana da takardar zama a ƙasar ba. Ina jin tsoron ke ma ba ki sani ba.

Ki duba halin da kika kwana a ciki. Da ya ƙi ba ki fasfon ranar tashi, sai kin je ofishin 'yan sanda kin kai rahoto da harshen da ba kya ji, sannan ki nemi ofishin jakadancin Najeriya da ke Ankara, tafiyar kusan kilomita 450, don a ba ki takardar komawa gida. Kafin nan jirgi ya tashi, kwanakin bizarki suna tafiya, tara tana jiranki, wataƙila har da hana ki shiga ƙasar na wani lokaci. A irin wannan hali duk abin da ya ce ki yi, da wuya ki ƙi. Cewa ya mayar miki bai wanke shi a wurina ba. Mai hankali, in da gaske yana tsoron kada ya faɗi, cewa zai yi ki kulle a akwatin ajiya na otal ki riƙe hotonsa a waya.

Sai gidan yaya da aka je aka tarar ba yaya. Otal a Turkiyya doka ta tilasta masa rubuta kowane baƙo ya sanar da jami'an tsaro, akwai ma'aikata, akwai kyamara, in kin ɓace akwai inda za a fara nema. A wancan gidan kuwa mutum ɗaya ne a duniya ya san inda kike, ita ce wadda kike neman izinin rabuwa da ita. Tana Kano, dare ya yi, ta ga alamarki ta tsaya cak a unguwar da ba ta sani ba, waya a kashe. Me kike so ta yi, ta ja bargo ta kwanta? Abin da zan iya kama ta da shi ɗaya ne: da ta fara kiran otal ɗinki kafin Yaya. Wannan ma ke ce ba ki ba ta lambar ba. Ki je gidanta da kanki ki yi mata godiya.

Maganar saƙon Abuja ta fi komai tayar mini da hankali. Kin manta ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a Disamban 2018, saboda jakar ƙwayar tramadol da wasu suka liƙa wa sunanta tun daga filin jirgi? Yarinyar ko ganin jakar ba ta taɓa yi ba, amma sai da ta shafe wata huɗu a tsare, aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019 bayan gwamnati ta shiga maganar. Ke kuwa da hannunki za ki karɓa. In jami'an NDLEA suka buɗe suka ga abin da suka gani, "saurayina ne ya ba ni" ba ya fitar da kowa. Ban ce na san abin da ke cikin saƙon ba. Na dai lura bai fasa ba sai da ya ji akwai masu bibiyar sawunki. Laleli cike take da kamfanonin kago masu kawo kaya Najeriya, ke ma da su kike aiko naki, shi da yake tafinta a wurin ya fi ki sanin ƙofarsu.

Auren liman kuma, ki sani tun 1926 dokar Turkiyya ta hana auren mace fiye da ɗaya, kuma auren da aka yi wa rajista a hukumance kaɗai ta amince da shi. Ko da aka ba muftai izinin ɗaura aure a 2017, na rajista ne, da takardu. Wanda liman ya ɗaura a ɗaki ba zai ba ki takardar zama ba, ba gado, ba kotun da za ta saurare ki a matsayin mata in ya kore ki. A wajen addini ma, mu nan mazhabar Malikiyya muke bi, bazawara ita ke zaɓen mijinta amma waliyyi ke ɗaurawa. Wanda ya ce a ɗaura kafin a sanar da gida, waliyyin yake gudu.

Don haka ba zan koya miki yadda za ki shawo kansa ba. Kuma ba na goyon bayan Yayanki a kan ki zauna a gida. Sana'ar nan ita ke ciyar da 'yarki, kuma na ga isassun zawarawan da aka raba da jarinsu da sunan tsare mutunci, suka koma roƙon kuɗin sabulu a wurin waɗanda suka hana su. Amma fushinsa da hujja, kada ki tunkare shi da gardama. Ki samu Hajiya tukuna, ki faɗa mata komai, har fasfon, ki bar ta ta shiga tsakani.

In kin koma, ki haɗa tafiya da matan da kuke sari tare, ko otal ɗaya ku sauka. Duk wanda ya ce yana son ki, ku haɗu da rana a wurin shan shayi mai jama'a, kusa da layin taragon nan na cikin gari da ke bi ta Laleli zuwa Sultanahmet da Eminönü, yadda in kin tashi ƙafarki za ta kai ki gida. Kada ki shiga motarsa, ki kira tasi da kanki ta manhajar BiTaksi don lambar motar ta zauna a wayarki. Kada ya san lambar ɗakinki ko nawa kika zo da shi, ko da yake mutumin nan, tunda shi ke yi miki ciniki, ya riga ya san nauyin jakarki, ki canza tafinta. Kofin da kika tashi kika bari, kada ki dawo ki sha. Ki saya wa wayarki batirin ko-ta-kwana, ki haddace 112, ita ce lambar gaggawa a duk faɗin ƙasar. Ki ba aminiyarki lambar otal, ku yi yarjejeniya kan awa nawa za ta jira da wanda za ta fara kira.

Shi kuma ki tura masa saƙo ɗaya tak. Ki ba shi lambar Yaya, ki ce in aure yake so ya kira, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, ya turo hoton katin shaidarsa, ya haɗa ku da yayar nan ta bidiyo. Akwai ɗalibai da 'yan kasuwarmu a Istanbul da Yaya zai iya sa su bincika masa. In ya kira, ki sake rubuto mini. Kafin ya kira, kada ki ƙara masa ko kalma ɗaya.

Gwaggonki.