Fomat Kaɗai Ya Isa Kafin a Sayar da Kwamfutar Ofis?

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfanin akanta a Kano. Za mu sayar da tsofaffin kwamfutocinmu, yaron ofis ya yi musu fomat. Hakan ya wadatar?

Amsa: Malam, gara da ka tambaya tun suna hannunka. Bai wadatar ba. Fomat na gaggawa jerin sunayen fayiloli kawai yake sharewa. Bayanan suna nan kwance, kuma mai gyara a kasuwa zai iya tono su da manhajar kyauta. Takardun albashi da lambobin asusun mutane amana ce, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 kuma ta rataya alhakinsu a wuyanka.

Ƙa'idar goge bayanai da kamfanoni suka fi bi ita ce NIST 800-88 ta Amurka. Ka fara duba irin faifan ajiyar da ke cikin kowace kwamfuta. Idan mai juyawa ne, wato HDD, a sa manhaja ta rubuce shi kaf da sifiri, sannan a bincika ko wani abu ya rage. Faifai marar juyawa kuwa, wato SSD, yana da wuraren ajiya da rubutun ba ya kaiwa, don haka a yi amfani da umarnin gogewa na kamfanin da ya ƙera shi. Maganaɗisu ba ya yi masa komai, kada wani ya ruɗe ka.

Faifan da ya mutu kada a sayar wa 'yan gwangwan. A farfasa shi a gabanka.

Sannan ka buɗe rajista: lambar kowane faifai, ranar gogewa, hanyar da aka bi, da sa hannun wanda ya yi aikin. Ita masu bincike za su fara nema.