Zuciyar Ɗan Kokawa a Gida Ake Horar da Ita: Shawarwari ga Iyayen Damargu

Da an ɗaure damman gero an kai rumbu, sai ganga ta fara tashi a ƙauyukan Tanut da Belbeji. Samari su sha ɗamara, a share fili, a yi da'ira. Kowane yaro da ke tsaye bakin filin nan yana mafarkin Takobin Ƙasa, gasar da aka fara a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka, yana mafarkin wata rana a kira sunansa a filin Langa-Langa na Damagaram. Na sha ganin ƙaƙƙarfan saurayi ya faɗi a hannun wanda bai kai shi ƙwanji ba, don tun kafin su haɗa hannu gabansa ya riga ya faɗi. Abin nan yana ci mini rai, domin maganinsa yana cikin gida.

1. Ku lura da kalmar farko da yaro zai ji ran da aka kayar da shi. Wannan ce babba, shi ya sa na sa ta gaba. Yaron da ya dawo da ƙasa a bayansa ya riga ya sha ihun gari, bai buƙatar ƙari daga mahaifinsa. A ba shi ruwa, a ba shi tuwo, a bar zancen ya kwana. Da safe uba ko kawu ya zaunar da shi: "Ɗana, ta ina ya shigo maka?" Tambayar nan tana mayar da kunya ta zama ilimi, yaro ya fara cewa ƙafar hagu na bari a gaba, ko na yi gaggawar kai hannu. Abdul Razak Isufu Alfaga ya sha kaye a wasan ƙarshe na takwando a Riyo a 2016, ya dawo Yamai da azurfa. Shekara guda bayan haka, a 2017, ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. Mu ƴan Damargu ma ba baƙi ba ne ga wannan hali. Manomin Gangara ko Tarka yakan yi binne, ruwa ya sauko sau ɗaya ya ɗauke, shuka ta ƙone, ya koma rumbu ya ɗebo wani iri ya sake. Ku nuna wa yaro cewa abin da ubansa ke yi a gona shi ake so ya yi a fili.

2. Ku koya masa numfashi. Idan tsoro ya zo, zuciya takan yi sauri, numfashi ya gajarce, hannu ya ɗau rawa. Ya ja iska ta hanci a hankali, ya sake ta a hankali fiye da yadda ya ja, sau biyar ko shida. Fitar da iska a tsanake tana rage bugun zuciya. Ya saba da shi kullum bayan sallar asuba, don ranar buƙata ya zo masa da kansa. Ƴarku mai shiga jarrabawar birbe, da inna mai shiga kasuwar Bakin Birji cinikin akuya, duk zai yi musu aiki.

3. Ya yi kokawar a ransa kafin ya yi ta a ƙasa. Da dare, a kan tabarma, ya rufe ido ya ga filin, ya ji kiɗan, ya ga abokin karawarsa ya kawo hannu, ya ga yadda zai kauce. Kada ya tsaya ga hango kansa ana ɗaga shi sama kawai. Ya hango an ɗauke masa ƙafa ɗaya yana neman tsayawa, don nan ne ake rasa kokawa ko a ƙwato ta.

4. Buri ya zama ɗan ƙarami, mai ƙirguwa. "Zan ɗauki Takobi" ba aikin gobe da safe ba ne. "Wannan mako zan gyara tsayuwata" shi ne aiki.

5. Kada ku raina wasannin dandali. Langa tana koya wa yaro tsayuwa da ƙafa ɗaya ana tura shi, dara kuma tana koya masa haƙuri da hangen abin da abokin wasa zai yi nan gaba. Tsohon da ya zaunar da jikansa gaban ramukan dara yana horar da ɗan kokawa, ko da bai taɓa shiga fili ba.

6. Ku yi masa kirari da abin da ya aikata. Makaɗa za su kira shi zaki, su kira shi dutse, aikinsu ke nan, kuma yana da daɗin ji. A gida kuwa a ce: "Na ga yadda ka tashi da asuba wata guda ba fashi." Yaron da aka yaba wa ƙoƙarinsa ya san abin da zai maimaita. Wanda aka ce masa ba mai iya kayar da shi, ran da aka kayar da shi yakan rasa inda zai sa kansa. Kuma a daina auna shi da ɗan maƙwabta a gabansa.

7. Addu'ar uwa da ta malam suna kwantar da hankali, a nema masa su. Amma a gaya masa a fili cewa laya ba ta maye gurbin atisaye, kada ranar da guru ya tsinke a tsakiyar kokawa zuciyarsa ta tsinke tare da shi.

8. Ku sa ido kan ƙwaya. Wannan ina faɗinta da nauyin zuciya. Akwai masu gaya wa samari cewa tiramol na cire tsoro da gajiya. Abin da take yi shi ne rufe zafi har yaro ya ji rauni bai sani ba, ta kama jiki ya kasa rabuwa da ita, idan ta yi yawa ta kawo farfaɗiya. In kun ga barcinsa ya rikice, fushinsa ya ƙaru, kuɗi na ɓacewa a ɗaki, ku zauna da shi ba da duka ba, sannan ku raka shi likita.

9. Daren da za a wayi gari a kara, a karɓe waya daga hannunsa da wuri, a sallami abokan hira, a dama masa fura da nono, ya kwanta bayan lisha.