Amsoshin Tambayoyinku: Wang Anshi da Gyaran Aikin Gwamnati a Sin

Mai sauraronmu daga Maraɗi na tambaya: ko an taɓa samun wanda ya gyara aikin gwamnati a tsohuwar Sin?

To Malam, akwai Wang Anshi, wazirin Sarki Shenzong na daular Song. A 1069 ya fara gyare-gyarensa. Ya cire tsara waƙa daga jarrabawar ɗaukar ma'aikata, aka koma tambayar dabarun mulki. Akawuna, da ba su da komai sai abin da suka tatsa wurin talaka, ya yanka musu albashi. Bashin shuka da ya ware wa manoma ne ya jawo masa baƙin jini, don jami'ai sun riƙa ɗora shi dole. Ya sauka a 1076. Bayan rasuwar sarkin a 1085, abokin hamayyar Wang Anshi, Sima Guang, ya soke yawancin gyare-gyaren.