Lokacin da Aka Kulle Ƙofar Coci: Darasi Daga Istar 2020

Ranar Lahadi 12 ga Afrilu, 2020, ita ce Ista ta farko a rayuwata da ban je majami'a ba. Lokacin ina ajin ƙarshe a sakandare, muna zaune a Sabon Tasha, Kaduna. Tun ƙarshen watan Maris gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita saboda cutar korona, aka rufe coci-coci da masallatai. Da safe kakarmu ta yi wanka, ta ɗaura ashoben zumuntar mata, ta zauna bakin gado da jakarta a hannu. Na ce mata, "Kaka, ai yau ma ba sujada." Ta ce, "Na sani, jikana. Amma Lahadi ce." Sai hawaye.

Mun gwada kallon wa'azi ta Facebook a wayar yayana. Ba a yi nisa ba data ta ƙare, ga kuma babu wuta. Muka yi jugum.

Na tuno wannan rana ne domin mu 'yan ajin ƙarshe mun kusa watsewa. Wani zai tafi IT a garin da bai san kowa ba, wani aiki zai hana shi fita ranar Lahadi, wani ciwo zai kwantar da shi. Ga dokar hana fita da kan faɗo mana ba sallama idan gari ya rikice. To, idan taruwa ta gagara, ina mai bi zai sami ta'aziyya? Ga abin da na koya.

Na farko: kewar taro ba rashin bangaskiya ba ce

Da na ga Kaka tana kuka, na ɗauka aikina shi ne in lallashe ta ta daina. Daga baya na karanta Zabura 42. Marubucin yana nesa da Haikali, yana tuna yadda yakan shiga cikin taron jama'a zuwa gidan Allah da murna, zuciyarsa kuwa ta karaya. Bai ɓoye damuwarsa ba, gaban Allah ya kai ta, ya kuma ƙarfafa kansa ya ci gaba da sa zuciya. Saboda haka idan ka ji kewar 'yan kwaya, da ganga, da gaisuwar bayan sujada, kada ka zargi kanka. Ka sa wannan kewar cikin addu'arka.

Na biyu: ikilisiya ta girmi ginin coci

Mahaifina ne ya fitar da mu daga jugum ɗin nan. Ya ɗauko tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa ya ce in buɗe Yahaya sura 20. A nan muka ga cewa da yammar ranar da Yesu ya tashi daga matattu, almajiransa suna cikin ɗaki, sun kulle ƙofofi don tsoro. A cikin wannan ɗaki ya same su, ya yi musu sallama. Baba ya ce, "Kun gani? Istar farko ma a kulle aka yi ta."

Masu bi na farko a gidaje suke taruwa. A Romawa 16 Bulus ya gai da ikilisiyar da ke gidan Bilkisu da Akila, a Kolosiyawa 4 kuma akwai wadda ke gidan Nimfa. Ɗaya daga cikin wuraren sujada mafi daɗewa da masu tonon tarihi suka gano, a Dura-Europos ta ƙasar Siriya, gidan zama ne da aka gyara a ƙarni na 3. Sai bayan shekara ta 313, da sarkin Rum Konstantin ya ba Kiristoci 'yancin addini, manyan gine-gine suka yawaita. A Matiyu 18 kuwa, alkawarin da Yesu ya yi na kasancewa tare da masu taruwa cikin sunansa ya haɗa har da mutum biyu ko uku. Mu a falonmu mu bakwai ne.

Na uku: ka tsayar da lokaci, ka riƙe shi

Abin da ya fi kashe mana jiki a kullen shi ne kwanaki sun zama iri ɗaya, ba ka sanin Talata daga Asabar. Daniyel yana bauta a Babila, nesa da Urushalima, amma sau uku a rana yake durƙusawa ya yi addu'a, har ranar da aka sa doka a kan hakan bai fasa ba. Bulus da Sila kuma a kurkukun Filibi, da tsakar dare, suna addu'a suna waƙa. Kaka ta riga mu gane wannan da ta ɗaura zanenta.

Daga wannan Lahadi muka tsayar da ƙarfe tara. Kowa ya yi wanka ya shirya. Waƙa biyu daga Littafin Waƙoƙi, karatu, kowa ya faɗi abin da ya fahimta, sai addu'a. Tun da idon Kaka ya yi rauni, ni nake yi mata karatu. Gaskiya, a watannin nan na fi sanin Littafi Mai Tsarki fiye da shekarun da na yi ina zama a bencin baya ina danna waya.

Na huɗu: ka nemi wanda ya fi ka kaɗaici

Baikon da muke tarawa a kwano, Mama takan sayi garin masara da shi ta miƙa wa wata gwauruwa ta kan katanga. Baba kuma yakan kira tsofaffi biyu ko uku a waya duk Lahadi. Da azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, maƙwabtanmu Musulmi su ma ba su sami zuwa tarawihi a masallaci ba. Kunun buɗa-baki ya riƙa tsallakowa gidanmu, gaisuwarmu tana komawa. Na lura duk ranar da muka tuna da wani, damuwarmu takan ragu.

Gargaɗi ɗaya

Sujadar gida ba ta maye gurbin taro. Jibin Ubangiji, da baftisma, da dattijon da zai ja maka kunne, waɗannan sai cikin jama'a. Ibraniyawa 10 ta gargaɗe mu kada mu bar taruwa. Na san abokai da suka saba da wa'azin waya a kan katifa, har yau ba su koma ba. Ranar da aka buɗe cocinmu, da takunkumi a fuska da tazara tsakanin kujeru, Kaka ce ta riga kowa isa ƙofa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ka bar wannan makaranta ka tanadi Littafi Mai Tsarki naka na takarda, wanda ba ruwansa da caji. Ka karɓi lambar mutum biyu daga cikin 'yan fellowship da za ku riƙa yin addu'a tare ko ta waya ne. Ka zaɓi sa'arka tun yanzu. Allah ya ba mu sa'a a jarrabawa, ya kuma kiyaye mu duk inda muka nufa. Amin.